Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Masana Halayyar Ɗan Adam Kan Rubuta Rahoto da Ƙirƙirarriyar Basira

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin masana halayyar ɗan Adam, da hukumomin da ke ba mu lasisin aiki, da masu riƙe da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitoci.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta riga ta shigo ofisoshinmu ba tare da an yi mata iso ba. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, suka fara taya abokan aikinmu rubuta rahoton gwajin halayya da basira da muke yi wa majinyata. Wasu na yi a fili, da manhajar da asibiti ya saya ya ɗora musu a kwamfuta. Wasu kuwa a wayarsu suke yi, da dare, daga su sai Allahnsu. Kowa ya san ana yi, amma in an zauna taro sai a yi gum, ko a karanto jimla ɗaya mai cewa a yi amfani da fasaha cikin taka-tsantsan, a wuce batu na gaba. Wannan jimlar ba ta gaya wa mutumin da fayil ya yi wa tsibi a kan tebur abin da zai yi da abin da zai bari ba. Shi ya sa na ga gara a yi maganar a bainar jama'a, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kada a ɗauka haramci na zo nema. Wanda bai taɓa yin aikin ba yakan zaci wahalar tana wajen gwajin. Alhali hira da majinyaci da iyalinsa, da gwajin da kan ci sa'o'i, da lissafa maki, duk sharar fage ne. Nauyin yana can gaba, inda za ka zauna ka haɗa abin da uwa ta ce, da abin da malamin aji ya rubuto, da takardun asibitin baya, da lambobin gwaji, da abin da idonka ya gane maka, ka mayar da su takarda mai shafi goma ko fiye wadda likita da alƙali da uban yaro duk za su karanta su fahimta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa duk sa'a ɗaya da likita ya yi gaba da gaba da majinyata, sai ya yi kusan sa'a biyu a kan rubuce-rubucen kwamfuta da aikin tebur. Likitoci aka ƙirga a can, amma mu ma mun san ciwon. Ga shi ba mu da yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna matsakaicin adadin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ne ga kowane mutum 100,000, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma ba su kai 2 ba. Duk makon da rahoto ya ƙara kwana a hannunmu, akwai yaron da makaranta ba za ta fara taimakonsa ba sai takarda ta zo, akwai fursunan da shari'arsa ta tsaya cak. Idan kuka haramta abin da ke rage wannan jiran, ba a daina ba, sai dai a koma yi a ɓoye, inda ba mai dubawa.

Masu goyon bayan abin sukan ce ai ba yau aka fara ba, kuma suna da gaskiyarsu. Tun farkon shekarun 1960 asibitin Mayo a Amurka yake sa kwamfuta ta fassara sakamakon gwajin MMPI, mai auna halayya da alamun lalurar ƙwaƙwalwa. A 1986 ƙungiyar masana halayya ta Amurka ta fitar da jagora a kan gwaji da fassarar da kwamfuta ke yi, kuma har yau sashe na 9.09 na dokar ɗa'ar aikinsu na cewa alhakin fassarar gwaji yana wuyan masanin, ko shi ya yi da hannunsa ko na'ura ta yi masa. Sukan kuma kawo masanin halayya Paul Meehl, wanda a 1954 ya duba bincike kusan ashirin ya ga cewa wajen hasashen abin da zai faru da majinyaci, lissafi mai ƙa'ida kan yi daidai da hukuncin ƙwararre ko ma ya fi shi, kusan a duk inda aka gwada. Maganar ta ɓata wa magabatanmu rai, amma ta tsaya da ƙafarta.

Sai dai akwai bambancin da ake tsallakewa. Tsohuwar na'urar tana aiki da doka a rubuce: idan makin ma'auni kaza ya haura iyaka kaza, a buga jimla kaza. Ka ba ta maki ɗaya sau ɗari, amsa ɗaya za ta ba ka sau ɗari, kuma in an tambaye ka a kotu daga ina jimlar ta fito, za ka iya buɗe littafin gwajin ka nuna layin. Sabuwar ba haka take ba. Ta koyi yadda kalmomi ke bin juna ne daga tarin rubuce-rubuce, aikinta kuma shi ne zaɓo kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Ka ba ta bayani ɗaya yau da gobe, kana iya samun rahoto biyu da ba su ce abu ɗaya ba, kowannensu a tsare, kowannensu da muryar wanda ya san abin da yake faɗa. Lissafin da Meehl ya yaba an gwada shi a kan sakamako na gaskiya an ga yawan dacensa da yawan kuskurensa. Sakin layin da manhaja ta tsara maka a daren jiya ba wanda ya gwada shi a kan komai.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙaryar da take fitowa fili ba ce. A 1948 wani malamin jami'a mai suna Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya dawo ya miƙa wa kowa takarda ya ce wannan bayanin halinka ne. Ya ce su auna dacewar bayanin da su daga 0 zuwa 5, suka ba shi fiye da 4 a matsakaici. Sai ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma yawancin jimlolin daga wani ɗan littafin masu duba taurari ya kwaso su: kana son mutane su so ka, kana yawan sukar kanka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Waye wannan bai shafa ba? Tun daga nan ake gargaɗin ɗalibanmu da su guji rahoto irin wannan, riga mai shiga kowa. To, wannan rigar ita ce abin da manhaja ta fi ƙwarewa wajen ɗinkawa, domin asalin aikinta nemo abin da aka fi faɗa ne a irin wannan wurin. Ka ce mata yaro ne mai shekara tara da ba ya natsuwa a aji, za ta zubo maka shawarwari masu kyau: a zaunar da shi a gaba, a gutsuttsura masa aiki, a riƙa ba shi ɗan hutu. Babu kuskure a ciki ko ɗaya, kuma babu abin da ya nuna an taɓa ganin yaron. Uwa za ta karanta ta ce haka yake, malami zai karanta ya ce haka yake, kamar dai ɗaliban Forer.

Darajar rahoto tana wurin da bayanai suka ƙi jituwa. Uwa ta ce a gida ba ya zama wuri ɗaya, malama ta ce a aji ko motsinsa ba a ji. A gwajin WISC mai auna basirar yara, makinsa na fahimtar magana ya yi sama, na saurin aiki ya faɗi ƙasa, har ya zama jimillar makin da ke tsakiya ba ta siffanta ko ɗaya daga ciki. Kai kuma ka lura duk tambayar da aka yi masa sai ya karkato kunne ɗaya, kuma a hira an ambata a gurguje cewa kakarsa da ke rainonsa ta rasu watanni kaɗan da suka wuce. A nan aikin yake. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san sau da yawa ba ka sanin abin da ka fahimta sai ka zo rubutawa jimlar ta ƙi tafiya. Ƙin tafiyar nan shi ke tayar da kai ka koma fayil, ka sake kiran uwar, ko ka rubuta cewa a fara auna jin yaron kafin a liƙa masa sunan wata cuta. Manhaja ba ta cijewa. Tana da kalmomin da za ta shafe duk wani saɓani da su ya zama sumul, kai kuma da ka gaji, ka karanta ka ji daɗi ka sa hannu.

Ku ɗauki takardar PHQ-9 da asibitoci da yawa ke amfani da ita wajen tantance ciwon damuwa. Tambaya tara ce, makin daga 0 zuwa 27. Wanda ya samu 8 yana rukunin damuwa mara tsanani, kuma taƙaitawar da aka gina a kan jimilla haka za ta ce. Amma tambaya ta tara tana magana ne a kan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai. In a nan ne wani ɓangare na takwas ɗin ya fito, labari ya sha bamban, kuma bai kamata mutumin ya bar ɗakin ba sai an zauna da shi a kan wannan. Watakila manhajar ta kama, watakila ta wuce. Ba a gina tsaron rai a kan watakila.

Ga kuma batun lambobi, wanda a ganina ya kamata ku yanke masa hukunci kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba. A gwaje-gwajen basira na Wechsler matsakaicin maki 100 ne. Wanda ya samu 85 ya fi kusan mutum 16 ne kawai cikin 100 na sa'anninsa. In aka rikita aka rubuta cewa yana mataki na 85 cikin 100, an ɗauke shi daga ƙasa an kai shi sama, an kuma raba shi da taimakon da ya cancanta. Haka 65 a ma'aunin MMPI alama ce ta cewa abu ya yi yawa, 65 a gwajin basira kuwa alama ce ta cewa abu ya yi ƙasa sosai. Lamba ɗaya, ma'ana biyu masu hannun riga. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna shari'ar Hall da jihar Florida a 2014. Jihar ta kafa maki 70 na gwajin basira a matsayin iyaka, wanda ya haura ko da maki ɗaya ba a sauraren hujjarsa ta naƙasar fahimta, ana iya zartar masa da hukuncin kisa. Shi Hall yana da 71. Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba zai yiwu ba, domin makin gwaji yana ɗauke da kuskuren awo na kusan maki biyar sama ko ƙasa. Wato akwai inda maki ɗaya a rahotonmu yake tsakanin rai da mutuwa. Don haka ina roƙon ku rubuta a fili cewa lissafin maki da juya shi zuwa ma'auni aikin littafin gwaji ne ko manhajar da masu gwajin suka yi don haka, kuma kowace lamba da ta shiga rahoto sai an kwatanta ta da asalin takardar maki, ido da ido.

Ba hasashe nake yi ba idan na ce abin na iya ɓaci. A Satumban 2024 kwamishinan kula da bayanai na jihar Biktoriya a Ostireliya ya fitar da rahoton bincike a kan wani ma'aikacin kare yara da ya sa ChatGPT ta taya shi rubuta takardar da aka kai kotun yara. Ya zuba mata sunaye da bayanan sirri. Mafi muni, wata 'yar tsana da aka ba da rahoton uban ya yi amfani da ita ta hanyar lalata, sai ta fito a takardar a matsayin abin yabo, wai iyayen suna tanadar wa yaron kayan wasa da suka dace da shekarunsa. Allah ya taƙaita, kuskuren bai sauya hukuncin kotu ba, amma an umarci ma'aikatar ta toshe irin waɗannan manhajoji ga ma'aikatan kare yara. Mutumin ba masanin halayya ba ne, sai dai takardar irin tamu ce, kuma yadda abin ya faru shi ne abin lura: manhajar ta ga kalmar 'yar tsana kusa da kalmar yaro, ta kawo jimlar da aka saba gani a wurin. Lauyoyi sun riga mu shan wannan kunyar. A 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga, waɗanda babu su a ko'ina.

Manhajoji masu ɗaukar murya su mayar da ita rubutu ma ba su tsira ba. Wani bincike na 2024 a kan manhajar Whisper ya sami jimlolin da ba wanda ya furta su a kusan kashi 1 cikin 100 na abin da ta rubuta, kuma kashi 38 cikin 100 na waɗannan ƙage-ƙagen masu cutarwa ne, har da maganganun tashin hankali. An fi samun su a muryar masu lalurar magana, inda shiru ke tsawaita. Ku dubi ɗakin hirarmu. Wa ya kai majinyatanmu dogon shiru? Mai ciwon damuwa kan yi jim kafin ya amsa, wanda aka ci zarafinsa kan tsaya a tsakiyar jimla ya kasa ƙarasawa. Shirun da mu muke karantawa a matsayin bayani, shi ne gurbin da manhaja ke iya cikewa da shaci-faɗi, kuma in an goge asalin muryar don kare sirri, babu abin da za a koma a kwatanta.

Sirrin kansa fa? Abin da ake gaya mana a ɗakin nan, wani ko matarsa ba ta sani ba. A 2020 aka gano an sace bayanan majinyata kusan 33,000 na kamfanin Vastaamo mai cibiyoyin jinyar tunani a Finlan. Ɓarawon ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi, in ba su biya ba ya watsa abin da suka faɗa wa masu jinyarsu. Kamfanin ya durƙushe a 2021. Babu ƙirƙirarriyar basira a wannan labarin, na kawo shi ne don a ga abin da ke faruwa idan rubutunmu ya fita daga hannunmu. Kowace manhaja da aka liƙa wa tarihin majinyaci, wani sabon rumbu ne da ba mu ke riƙe da makullinsa ba. Abokan aiki da yawa na ganin in sun cire suna sun gama. Ina! Shekaru, da sana'a, da yawan 'ya'ya, da irin haɗarin da ya same shi da watan da ya faru, sun isa wanda ya san shi ya gane shi. Dokar HIPAA ta Amurka ta 1996 tana buƙatar yarjejeniya a rubuce da duk kamfanin da zai taɓa bayanan majinyaci a madadin asibiti, dokar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sa bayanan lafiya a rukuni na musamman. Inda doka ba ta kai haka ba, amana ta kai. Kuma akwai sirri na biyu da ake mantawa, na gwajin kansa. Tambayoyin waɗannan gwaje-gwaje suna aiki ne muddin jama'a ba su haddace su ba. Mai kwafe tambaya da amsa yana zubawa a manhajar da kowa ke shiga, yana rage wa gwajin ƙarfi ne ga duk wanda za a yi wa nan gaba.

Sannan majinyaci yana da haƙƙin ya sani. A gaya masa da bakin da zai gane cewa wata manhaja za ta taɓa bayanansa, ga abin da za ta gani, ga inda za a ajiye, kuma in ya ce bai yarda ba a yi masa aikinsa ba tare da ya koma ƙarshen layi ba. Layi ɗaya da aka cusa a shafi na huɗu na takardar sa hannu ba neman izini ba ne. A ƙara da cewa yawancin abin da manhajojin nan suka koya da Turanci ne. Wanda ya siffanta damuwarsa da harshensa, ya ce zuciyarsa ta yi nauyi ko kansa na zafi, in aka bi da maganar ta cikin na'ura tana iya fitowa sanye da kalmomin kundin rarraba cututtuka na DSM-5 ko ICD-11 da ba shi ya faɗa ba, alhali asalin furucinsa shi ne shaidar da wani masani zai so ya gani bayan shekara biyar.

Duk da haka adalci ya sa in faɗi inda take da amfani, kuma amfanin ba kaɗan ba ne. Rahotannin da muke rubutawa da hannu ba wahayi ba ne. Akwai masu tsawon da ba mai karantawa har ƙarshe, akwai masu cike da kalmomin da iyaye ke karɓa su ninke su ajiye, akwai waɗanda aka gina a kan tsohon rahoto har sunan wani yaron ya maƙale a shafi na shida. Manhaja ta iya kama irin wannan. Ta iya nuna maka cewa ranar haihuwa a shafin farko ba ta yi daidai da shekarun da ke jadawali ba, ta iya mayar da sakin layi mai kauri ya zama magana mai sauƙi ga uba, ta iya tsara tarihin da ka tattara bisa jerin shekaru. Ƙa'idar da nake ganin za ta yi aiki ita ce masani ya fara rubuta fahimtarsa da hukuncinsa da shawarwarinsa da kansa, ko da a taƙaice ne, ko da rubutun bai yi kyau ba, sannan manhaja ta shigo ta gyara zubi. In aka juya tsarin, ita ta fara shi ya bi, to daftarinta ya riga ya ɗora shi a kan hanya, kuma an daɗe da sanin cewa ɗan Adam kan sassauta bincike idan na'ura ta riga shi ba da amsa.

Ɗalibai su ne suka fi ba ni tausayi. Mu da muka rubuta rahotanni da hannu shekara da shekaru, malamai suna dawo mana da su jajawur da gyara, muna da abin da za mu auna daftarin manhaja da shi. Jimla in ta yi santsi fiye da kima, jikinmu kan ba mu. Wanda ya fara aiki da manhaja tun ranar farko da me zai auna? Zai iya kammala horo bai taɓa zama da bayanai masu karo da juna ya yi ta juya su har ya gane bakin zaren ba. Malamin da ke duba shi kuma yana karanta rahoto ne don ya ga yadda ɗalibin ke tunani, to in ba tunaninsa ke kan takardar ba, me aka duba? Ina ganin ya dace ku ƙayyade cewa mai neman lasisi ya nuna ya iya rubuta rahoto cikakke ba tare da ita ba, kafin a koya masa aiki da ita. A koya masa ɗin kuma da gaske, a ba shi daftarin da aka san inda ya karkace a ce ya nemo.

Yanzu gare ku, masu riƙe da asibitoci da kasafin kuɗi. Kamfanonin da ke tallata muku manhajojin nan da lokaci suke jan hankalinku, su ce rahoton da ke cin yini zai koma sa'a ɗaya. Na san abin da zai biyo baya, a ce tunda haka ne a ninka wa kowa yawan majinyata. Idan kuka yi haka kun cinye lokacin da za a duba aikin, kuma duba aikin shi ne kaɗai abin da ya halatta amfani da manhajar tun farko. Karanta daftarin da ba kai ka rubuta ba, kana bin kowace magana zuwa tushenta a fayil, aiki ne mai cin lokaci, wani sa'in ya fi rubutawa gajiyarwa, domin kuskuren ba ya ɗaga hannu. Ranar da rahoto ya jawo matsala, kamfanin zai nuna sharuɗɗansa da ke cewa daftari kawai yake bayarwa, asibiti zai nuna sa hannun ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin da aka hana lokaci shi zai tsaya gaban kwamitin ladabtarwa shi kaɗai. Alhakin masani ba ya sauka, na yarda. Amma wanda ya tsara aikin yadda ba za a iya sauke alhakin ba, shi ma yana da kasonsa, kuma ya kamata dokokinku su faɗi haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ƙirƙirarriyar basira a harkar lafiya a 2021, ta ƙara wata a Janairun 2024 a kan manyan manhajoji irin waɗannan, wasu daga cikinku ma sun fitar da nasu. Manufofi ne masu kyau, saura a sauko da su kan tebur. Muna so mu san wace manhaja aka amince da ita kuma bisa wace yarjejeniya, musamman ko kamfanin na horar da na'urarsa da bayanan majinyatanmu. Muna so kowane rahoto ya ɗauki layi a ƙarshensa da ke cewa an yi amfani da manhaja kaza a sashe kaza, kamar yadda muke rubuta sunan gwaji da bugunsa, a kuma ajiye daftarin farko a fayil don mai bincike ya ga abin da aka sauya. Rahoton da za a kai kotu, ko wanda ya shafi riƙon yaro ko haɗarin kashe kai, a tsananta masa fiye da sauran. Lokaci zuwa lokaci a zaro wasu rahotanni a ba wani masani da bai san fayil ɗin ba ya bi su zuwa tushe. A kuma buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai rahoton kuskuren da ya kama ba tare da tsoron za a hukunta shi ba, domin a yanzu kowa na gano nasa ne shi kaɗai ya yi shiru.

Ina roƙon ku sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba a matsayin batu mai zaman kansa, ku gayyato masu rubuta rahoto kullum, da ɗalibai, da wakilan majinyata da iyayen yara, ku ji daga bakinsu kafin ku ji daga bakin masu sayarwa. Daftarin ƙa'idar da kuka fitar kuma a raba mana mu yi sharhi a kai kafin a sa masa hannu.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu rubuta rahoton gwaji da duba aikin ɗalibai.